Abu Nasril Farabi: Malamin da Ya Auna Kiɗa da Ma'aunin Lissafi

Idan aka ambaci sunan Abu Nasril Farabi a zauren malamai ko a ajin jami'a a ƙasar Hausa, abin da yakan fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne falsafa da manɗiƙi, da kuma laƙabin nan na Malami na Biyu da magabata suka yi masa, wato wanda ke biye da Aristotal a daraja. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa ɗaya daga cikin manyan littattafan da wannan bawan Allah ya bari a bayansa, a kan kiɗa ya rubuta shi, kuma bugun da aka yi masa a Alƙahira a 1967 ya haura shafi dubu. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ɗan gutsura wa mai karatu tarihin rayuwarsa, domin kuwa akwai darasi a cikinta ga mu da muke zaune a ƙasar da kiɗa ya cika ko'ina, amma iliminsa ya yi ƙaranci a makarantunmu.

An haifi Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda aka fi sani da Abu Nasri, wajejen shekarar 870 Miladiyya. Mafi yawan masu tarihi sun danganta shi da yankin Farab da ke bakin kogin Sirdariya, a cikin ƙasar Kazakistan ta yau, wasu kuwa sun ce daga Fariyab yake, a ƙasar Khurasan. Haka kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan ko Baturke ne ko Bafarishe. Abin da aka haɗu a kai shi ne, daga gefen daular Abbasiyya ya taso, ya nufi Bagadaza neman ilimi, a zamanin da birnin ya cika da littattafan mutanen Girka da aka juyar zuwa Larabci. A can ya karanci manɗiƙi a hannun wani malami Kirista mai suna Yuhanna ɗan Hailan, ya kuma yi zamani da Abu Bishir Matta ɗan Yunus, wanda ya rasu a 940, wanda kuma shi ne jigon masu fassara da sharhin littattafan Aristotal a wancan lokaci. An ruwaito cewa ya riƙa zuwa wurin Ibnus Sarraj, fitaccen malamin nahawu, yana ɗaukar nahawu a wurinsa, shi kuma yana koya masa manɗiƙi. Wannan cuɗanya da malaman harshe ta bar tabo mai kyau a duk abin da ya rubuta daga baya, har da abin da ya shafi kiɗa, kamar yadda za mu gani.

A littafinsa Ihsa'ul Ulum, inda ya jera fannonin ilimi ya ajiye kowanne a mazauninsa, da ilimin harshe ya fara, sannan manɗiƙi, sannan fannonin lissafi, kafin ya kai ga ilimin halittu da na abin da ke bayan halittu, ya rufe da siyasa da fiƙihu da ilimin kalami. A ƙarƙashin lissafi ya kawo rassa bakwai: ƙidaya, da ilimin awon siffofi, da ilimin gani, da ilimin taurari, da kiɗa, da ilimin nauye-nauye, da ƙera na'urori. Mai karatu ya lura da inda aka ajiye kiɗa, tsakanin taurari da sikeli. An juyar da wannan littafi zuwa harshen Latin a birnin Toledo na Andalus a ƙarni na 12, kuma ta hanyarsa malaman Turai suka san ra'ayin Farabi a kan yadda ake karkasa ilimi.

Babban littafinsa na kiɗa, Kitabul Musiƙal Kabir, ya rubuta shi ne bisa roƙon Abu Ja'afar Al-Karkhi, wanda ya yi wa Halifa Ar-Radi waziri a 936. Wazirin ya nemi a yi masa bayanin wannan fanni kamar yadda magabata suka san shi. Da Farabi ya duba abin da ya iso hannunsa daga littattafan Girkawa da na marubutan Larabci da suka gabace shi, sai ya tarar akwai giɓi da yawa, don haka ya ɗauri aniyar gina fannin tun daga tushe. Ya fara da doguwar shimfiɗa a kan mene ne sauti, da yadda kiɗa ya samo asali, da hanyar da ya kamata a bi wajen nazarinsa. Daga nan ya shiga bayanin muryoyi da tazarar da ke tsakaninsu, sai kayan kiɗan da ake amfani da su a zamaninsa, sai kuma yadda ake tsara kari da bugu a haɗa waƙa.

Bari in ɗan fayyace abin da ake nufi da auna kiɗa, don kada maganar ta zauna a sama. A ɗauki tsirkiyar molo ko ta garaya a ɗaure ta tamau, a kaɗa, za ta ba da wata murya. In aka danna ta daidai tsakiya, rabinta kawai ya yi rawa, muryar da za ta fito ita ce ta farko amma a sama, kamar yadda mace da namiji kan rera waƙa ɗaya, ita a sama shi a ƙasa, kunne kuma ya ji sun daidaita. Wannan ita ce nisbar 2 da 1. In kashi biyu cikin uku na tsirkiyar ya yi rawa, an sami nisbar 3 da 2, in kuwa kashi uku cikin huɗu ne, an sami 4 da 3. Mabiya Fisagoras na Girka sun san wannan tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, suka kuma gina dukkan tsarinsu a kan lambobin 2 da 3. Farabi ya ɗauki wannan lissafi ya shimfiɗa shi a wuyan udu, wato molon Larabawa mai tsirkiya huɗu, ya nuna inda kowane yatsa ke sauka: manuni a kashi ɗaya cikin tara na tsawon tsirkiya, ƙaramin yatsa a kashi ɗaya cikin huɗu.

A wurin yatsan tsakiya ne ƙimar mutumin ta bayyana. A fadar Haruna Rashid an yi wani shahararren makaɗin udu mai suna Mansur Zalzal, wanda yakan danna tsirkiya a wani wuri da littattafan mabiya Fisagoras ba su san da shi ba, makaɗan Bagadaza kuma suka gaji wannan daga gare shi, kunnen jama'a ya saba da shi. Da wani malamin ne mai riƙon littafi kawai, da sai ya ce makaɗan ne suka kauce. Farabi kuwa sai ya auna wurin, ya same shi a nisbar 27 da 22, ya rubuta shi da sunan Zalzal, ya ba shi gurbi a cikin tsarinsa. Dalilinsa a fili yake a shimfiɗar littafin, inda ya nuna cewa aikin kiɗa ya riga iliminsa zuwa duniya da zamani mai tsawo, kuma ginshiƙan wannan ilimi daga abin da kunne ya ji ake ciro su. Da wannan hujja ce kuma ya yi watsi da tsohuwar maganar nan ta cewa taurari na fitar da wani kiɗa yayin da suke kewayawa, domin kuwa ba abu ne da kunne ya taɓa ji ba. Irin muryar nan ta Zalzal tana nan da ranta har gobe a kiɗan Larabawa da Turkawa da Farisawa.

Bayan udu ya yi bayanin ɗamburar Bagadaza da ta Khurasan, da sarewa da dangin mizmari, da garayu masu tsirkiya da yawa, da kuma rababa, wadda masana ke ƙirga bayanin da ya yi mata cikin mafi daɗewar bayanai a kan kayan kiɗan da ake gogawa. Duk Bahaushen da ya karanta wannan sashe zai ga 'yan gida a ciki, don kuwa gogenmu da kukumarmu dangin rababa ne, algaitar da ake busa wa sarakunanmu kuma 'yar'uwar mizmari ce, har sunanta ma daga Larabcin Magrib ya zo mana.

Sashen da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, shi ne na bugu, wanda ya kuma keɓe wa wasu littattafai biyu daban. Da ya zo bayyana tsawon bugu da gajartarsa, sai ya ari kayan aikin malaman nahawu da aruli, wato harafi mai wasali da harafi mai ɗauri, ya riƙa kwatanta bugu marar nauyi da gaɓar ta, mai nauyi kuma da gaɓar tan. Abin sha'awa shi ne, ginin gaɓar Hausa kusan ɗaya yake da na Larabci: ko dai baƙi da gajeren wasali, wadda ita ce sassauƙa, ko baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin, waɗanda su ne masu nauyi. Wannan ne ya sa karuruwan da Halilu ɗan Ahmad ya tsara wa waƙar Larabci suka zauna daram a rubutacciyar waƙar Hausa tun zamanin masu jihadi, kamar yadda marigayi Farfesa M.K.M. Galadanci ya nuna a nazarinsa na 1975. Ashe ke nan ma'aunin da Farabi ya yi aiki da shi a Bagadaza zai iya aiki a kan kalangu da kotso ba tare da an wahala ba.

Hausa ma tana da wani abu da Larabci ba shi da shi, wato karin sauti. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita, haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su, haka ma baba mahaifi da baba ta rini. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyin da ke jikin kalangunsa a hammata ko ya sassauta su, fatar ta ɗaure ko ta saki, muryar ta hau ko ta sauka, da haka yake kwaikwayon karin maganar Hausa har mai sauraro ya gane taken wane ake kaɗawa. A nan Wudil, inda kasuwar shanu ta ranar Juma'a ke tara fatake da mahauta daga nesa da kusa, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba a kan kalangu, tunda tun asali kiɗan mahauta ne. Abin da makaɗin ke yi da hammatarsa da ɗan makaɗinsa, ilimin sauti ne da ilimin harshe a haɗe, kuma ana iya auna shi da lambobi kamar yadda aka auna yatsan Zalzal.

Farabi bai tsaya kan awo kaɗai ba. Ya kasa waƙoƙi gida uku ta fuskar aikin da suke yi a zuciya: akwai mai sanya nishaɗi da hutu, akwai mai zana hoto a cikin tunani, akwai kuma mai motsa rai zuwa ga fushi ko tausayi ko jarunta. Ya kuma fifita muryar ɗan Adam mai ɗauke da kalmomi a kan duk wani abin kiɗa. Wanda ya taɓa ganin yadda gangar noma ke tsayar da manomi a kunya har rana ta take, ko yadda kiɗan dambe ke fitar da ɗan dambe daga cikin taro jikinsa na tsuma, ba zai yi gardama da wannan rabe-rabe ba.

A 942, lokacin da rigingimun sarakunan yaƙi suka dagula Bagadaza, Farabi ya bar birnin ya nufi ƙasar Sham. A can ya kammala littafinsa na siyasa a kan ra'ayoyin mutanen birni nagari, wanda ya fara rubutawa tun yana Bagadaza. Ya zauna a Halab da Dimashƙa, ya leƙa Masar, ya kuma sami karɓuwa a wurin Sarki Saifud Daula na gidan Hamdan. Masu tarihin da suka zo bayansa, irin su Ibnu Khallikan da Ibnu Abi Usaibi'a, sun siffanta shi da gudun duniya da son kaɗaici. Sun ce dirhami huɗu kacal yake karɓa a kullum daga baitulmalin sarki, kuma an fi samunsa a bakin ruwa ko a inuwar lambu yana rubutu. Akwai kuma hikayar nan da ta shahara, cewa ya taɓa haɗa wasu 'yan itatuwa a majalisar sarki ya kaɗa, kowa ya yi dariya, ya sauya musu tsari ya kaɗa, kowa ya yi kuka, ya sake sauyawa, kowa ya yi barci har mai gadin ƙofa, shi kuwa ya yi tafiyarsa. Hikaya ce da aka rubuta shekaru kusan ɗari uku bayan rasuwarsa, amma ta nuna irin kallon da jama'a suka yi wa gwanintarsa. Ya rasu a Dimashƙa a watan Rajab na shekarar 339 Hijiriyya, wato ƙarshen 950 ko farkon 951, yana da kimanin shekara 80, an kuma ruwaito cewa Saifud Daula ne ya sallace shi.

Bayan rasuwarsa aikinsa bai kwanta ba. Ibnu Sina ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa ya karanta littafin Aristotal na abin da ke bayan halittu sau arba'in bai fahimce shi ba, sai da ya sayi wani ɗan ƙaramin littafin Farabi a kasuwa kan dirhami uku. A fannin kiɗa kuwa, Safiyyuddin Al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, a kan harsashinsa ya ɗora gini. A ƙarni na 20 aka fassara babban littafin zuwa Faransanci a cikin jerin littattafan Rodolphe d'Erlanger, juzu'i na farko a 1930, na biyu a 1935. Babbar jami'ar ƙasar Kazakistan da ke Almati sunansa take amsawa. Wajibi ne kuma in faɗa cewa ba kowane ra'ayinsa ne malamai suka karɓa ba, domin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi kakkausan raddi ga shi da Ibnu Sina a kan wasu mas'alolin aƙida a littafinsa Tahafutul Falasifa. Sai dai shi Gazalin da kansa ya keɓe babi guda a Ihya'u Ulumid Din a kan sauraren waƙa da ladubbansa.

Na san akwai mai cewa, ina ruwanmu da ilimin kiɗa alhali malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa? Hukunci na malaman fiƙihu ne, ni kuwa ba fagena ba ne. Amma su kansu malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Ban da wannan, ilimin da ke auna muryar goge shi ne ke auna muryar ladani da ta mai karatun Alƙur'ani, shi ne kuma ake aiki da shi wajen gina masallacin da sauti ba zai riƙa komowa ya dagula huɗuba ba, da ƙera na'urar da ke taimaka wa mai matsalar ji, da koya wa kwamfuta ta gane Hausa idan an yi mata magana. Kwamfutar da ba ta san karin sauti ba, ba za ta taɓa raba kuka da kuka ba.

Ba a ce ba a yi komai a kan kiɗan Hausa ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Fremont Besmer ya nazarci kiɗan fadar Kano, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Mamman Shata a 1975, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka wadda ɗalibanmu ke bi. Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama Shata da digirin girmamawa a 1988. Sai dai in mai karatu ya duba kundayen da ake rubutawa a sassan koyar da Hausa, zai tarar mafi yawansu a kan matanin waƙa suke, wato jigo da salo da adon harshe. Shi sautin kansa, da yadda ake ɗaure kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da muryoyi nawa kuntigin Ɗanmaraya Jos ke fitarwa daga tsirkiya ɗaya tak, da inda yatsan mai goge ke sauka, waɗannan yawanci baƙi ne suka fi kula da su. Ko nazarin da ya auna yadda karin rajazu na Hausa ke sauyawa idan an rera shi, wanda ya fito a mujallar Language a 2019, Amurkawa biyu ne suka yi shi, Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh.

Lokaci kuwa ba ya jira. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kuma da kowannensu aka binne sanin da ba a rubuta ba. Tun daga shekarun 1990, lokacin da fina-finan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyano ta maye gurbin kalangu da goge a mafi yawan waƙoƙin matasa. Ita kuwa fiyano an raba muryoyinta ne gida 12 daidai wa daida bisa tsarin Turawa, don haka duk wata murya da ta faɗo tsakanin maɓallai biyu, irin ta Zalzal, ba ta da gurbi a kanta sai an yi mata dabara. Ba zargin matasan nake yi ba, sana'a suke yi, jama'a kuma suna saye. Tambayata ita ce, wa ya auna abin da aka samu da abin da aka rasa a wannan sauyi? Ibnu Haldun ya lura tun ƙarni na 14 cewa sana'ar waƙa ita ce ta ƙarshen bayyana idan al'umma ta bunƙasa, ita ce kuma ta farkon ɓacewa idan al'umma ta fara ja da baya.

Wudil tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022, Kano kuma, da ke da tazarar kilomita kusan 40, tana da jami'o'i masu sassan harsuna da suka daɗe suna nazarin waƙa. A nawa ganin, aikin da ya rage ba mai tsada ba ne: a haɗa malamin lissafi da na kimiyyar sauti da na harshe, a zaunar da su tare da tsofaffin makaɗan da suka rage a garuruwanmu, a ɗauki kiɗansu da na'ura mai kyau, a auna, a rubuta da Hausa, a kuma sanya sunan kowane makaɗi a kan abin da aka koya daga gare shi, kamar yadda Farabi ya yi wa Zalzal. Ya kamata kuma ɗalibin da ya zaɓi wannan hanya ya sami malamin da zai duba kundinsa da kujerar da zai hau idan ya gama, kada a riƙa yi masa kallon wanda ya je jami'a ya dawo maroƙi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.